Babi na Huɗu: Makulli a Hannun Makaranta

Daga ranar da aka kai yaro makaranta ake fara rubutu a kansa, ba a kuma dainawa sai ya fita. Fom ɗin shiga kaɗai ya ƙunshi sunan mahaifi da sana'arsa, da unguwar da ake zaune, da wanda za a kira idan wani abu ya taso, da ko yaron yana da sikila ko asma ko farfaɗiya. Daga nan takardu su yi ta hawa kan juna: makin jarrabawa, kwanakin fashi, ragowar kuɗin makarantar da ba a cika ba, wasiƙar dakatarwa, da ɗan layin nan da malamin aji yake rubutawa a ƙasan katin sakamako a ƙarshen zango, bayan ya cika katin yara hamsin hannunsa ya gaji, cewa wane ba ya natsuwa ko ba ya jin magana. Mai ajiya a banki in ransa ya ɓaci yana iya kwashe kuɗinsa ya koma wani bankin, amma ɗan shekara bakwai bai zaɓi makarantar ba, bai karanta fom ɗin ba, ba shi kuma da bakin cewa kada a rubuta. Shi ya sa da wuya a sami mai musun cewa waɗannan bayanai amana ne. Inda ake rabuwa shi ne yaushe makaranta za ta iya miƙa su ga wani ba tare da neman izini ba, kuma wa zai duba ya ce ta yi daidai. Amurka ta shafe fiye da shekara 50 tana gwada wata amsa a rubuce, kuma abin da gwajin ya nuna, a ganina, shi ne duk dokar da ta bar wa makaranta makullin fayil ta kuma bar mata hukuncin lokacin buɗewa, ƙarshenta makarantar take karewa kafin ɗalibin.

Dokar ana kiranta FERPA, haihuwar 1974 ce, shekarar da badaƙalar Watergate ta sa Amurkawa suka shiga zargin duk wata hukuma mai tara fayil a kan mutane. Shugaba Nixon ya sauka daga mulki ranar 9 ga Agusta, magajinsa Gerald Ford ya sa wa dokar hannu ranar 21 ga watan. Sanata James Buckley na jihar New York ne ya kawo ta, kuma abin da ya dame shi al'amari ne da ke tafiya a juye: a makarantu da yawa uwa za ta je a nuna mata fayil ɗin ɗanta a hana ta, alhali ɗan sanda ko jami'in gwamnati ko mai ɗaukar ma'aikata zai zo a buɗe masa. Kalmar da wani malami ya rubuta cikin fushi a aji uku tana iya bin yaro har wurin neman aiki, shi bai san da ita ba balle ya musanta. Buckley ya liƙa gyaran nasa ne a jikin wata babbar dokar ilimi a zauren majalisa, ba tare da kwamiti ya zauna ya saurari jama'a ba, gaggawar kuwa ta nuna kanta, don kafin shekarar ta ƙare sai da shi da Sanata Claiborne Pell suka dawo suka yi mata kwaskwarima. Haƙƙoƙi uku ta bai wa iyayen duk yaron da ke makarantar da ke karɓar kuɗin Ma'aikatar Ilimi ta tarayya. Su ga fayil ɗin cikin kwana 45 da nema. Su nemi a gyara abin da yake kuskure, in an ƙi a zauna a saurare su, in an sake ƙi su ajiye nasu bayanin a cikin fayil ɗin. Sannan kada a ba kowa bayanan sai da izininsu a rubuce. Da zarar yaro ya cika shekara 18, ko ya shiga jami'a ko da bai cika ba, haƙƙoƙin sun koma hannunsa.

Na farko da na biyu sun yi aiki, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Yau da wuya shugaban makarantar gwamnati a Amurka ya kalli uwa ya ce mata fayil ɗin ɗanta ba huruminta ba ne. Na ukun ne aka huhhuda. Ƙa'idojin dokar sun jera wurare fiye da goma inda ba a bukatar izini: ma'aikatan makarantar da aikinsu ya bukaci bayanin, makarantar da yaro zai koma, masu ba da tallafin karatu, masu binciken kuɗin gwamnati, hukumomin tantance makarantu, umarnin kotu ko sammaci, da halin gaggawa da ya shafi lafiya ko rai. Masu kare wannan jeri suna cewa in ba da shi ba makaranta ba za ta motsa ba, kuma gaskiyarsu ce. Ba hankali ba ne a ce malamin lissafi ya aika gida neman sa hannu kafin ya gaya wa malamar aji cewa yaro ya faɗi gwaji. Kotun Ƙolin Amurka ma ta ga haka a 2002, a shari'ar gundumar Owasso ta jihar Oklahoma, inda wata uwa ta yi ƙara saboda ana sa yara su yi musayar takardu su duba wa juna sannan kowa ya faɗi makinsa da ƙarfi a aji. Kotun ta ce makin da bai shiga littafin malami ba tukuna bai zama ajiyayyen bayani ba. Ko mutum ya tausaya wa yaron da ake jin makinsa a gaban abokansa, dole ya yarda ba kowane motsi na aji ne zai zama maganar tarayya ba. Matsalar tana wani wuri. Makarantar ce da kanta take rubutawa, a sanarwar da take fitarwa kowace shekara, wane ne ma'aikacinta da kuma abin da ake nufi da bukatar aiki. Ita ce take zaɓar bayanan da za ta ɗauka a matsayin na kowa da kowa, irin su suna da adireshi da lambar waya da ranar haihuwa da hoto, waɗanda take iya bayarwa sai fa in iyaye sun rubuto sun hana, sanarwar kuwa galibi tana cikin tulin takardun farkon shekara da mutane ƙalilan ke karantawa. Tun dokar ilimin da Shugaba Bush ya sa wa hannu a farkon 2002 ma, dole ne makarantun sakandare su ba masu ɗaukar soja suna da adireshi da lambar wayar ɗalibansu in sun nema, sai wanda aka cire sunansa tun da wuri.

Duk wannan da sauƙi da a ce akwai abin da ke samun makarantar da ta wuce gona da iri. A 1993 wata ma'aikaciya a Jami'ar Gonzaga da ke jihar Washington ta tsinci hirar wasu ɗalibai biyu, ɗaya tana gaya wa ɗaya cewa wani ɗalibi mai shirin zama malamin firamare ya ci zarafin wata. Aka fara bincike, aka tuntuɓi hukumar jiha mai ba malamai lasisi aka ambaci sunansa, shi bai sani ba. Sai a 1994 ya ji cewa ba za a ba shi takardar shaidar ɗa'a ba, wadda in babu ita ba ya koyarwa a jihar. Ya kai ƙara, masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi diyyar dala 1,155,000, daga ciki dala 450,000 a kan karya FERPA. Da maganar ta isa Kotun Ƙoli a watan Yunin 2002, alƙalai bakwai cikin tara suka ce dokar ba ta bai wa ɗalibi ko iyayensa damar neman diyya a kotu ba, domin sharaɗi ce kawai da gwamnati ta gindaya wa masu karɓar kuɗinta. Abin da ya rage wa wanda aka tona wa asiri shi ne ya rubuta ƙorafi zuwa wani ofishin Ma'aikatar Ilimi a birnin Washington cikin kwana 180, ofishin da mai binciken ma'aikatar ya gano a 2018 ƙorafe-ƙorafe sun taru masa, wasu sun shekara da shekaru ba a kammala ba. Babban hukuncin da dokar ta tanada shi ne a yanke wa makarantar kuɗin tarayya, kuma tun 1974 ba a taɓa yanke wa kowace makaranta ba. Ba abin mamaki ba ne. Wane minista ne zai hana dubban ɗalibai bashin karatu da tallafi don an tona asirin mutum ɗaya? Hukuncin ya yi nauyin da ba mai iya ɗaga shi.

Mai karatu zai zaci tunda babu hukunci, makarantu za su saki jiki su yi ta raba bayanai. Abin da ya faru ya fi haka ban sha'awa, don sun zama masu tsananin riƙon sirri a wani wuri, masu sakin hannu a wani, kuma in aka bi sawun ana ganin abin da ke raba wuraren biyu. A 1995 jaridar ɗaliban Jami'ar Miami ta jihar Ohio ta nemi bayanan hukunce-hukuncen kwamitin ladabtarwa don ta ga irin laifukan da ake yi a harabar, jami'ar ta fake da FERPA, kuma bayan doguwar shari'a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce a 2002 waɗannan ma bayanan ɗalibai ne. A 2009 jaridar Columbus Dispatch ta aika wa manyan jami'o'in da ke buga ƙwallo buƙatar takardu iri ɗaya, kamar jerin waɗanda suka hau jirgin tawaga da waɗanda aka ba tikitin kyauta, sai ta tarar wasu sun bayar, wasu sun shafe sunaye, wasu sun hana ƙememe, duk da sunan doka ɗaya. Buckley da kansa, yana tsoho ya yi ritaya daga alƙalanci, ya shaida wa jaridar cewa ba don haka ya kawo dokar ba. A 2012 Kotun Ƙolin Ohio ta yarda Jami'ar Jihar Ohio ta hana tashar ESPN wasu saƙonnin imel da suka shafi badaƙalar ƴan wasanta. A irin waɗannan wurare abin da ke cikin hatsari sunan jami'a ne da kuɗin wasanninta, sirrin ɗalibi kuwa shi ne mayafin da ya fi kusa da hannu.

Sai a sa wannan gefe da abin da ya faru a Jami'ar Oregon. A 2014 wata ɗaliba ta zargi ƴan wasan kwando uku da yi mata fyaɗe, ta kuma riƙa zuwa cibiyar ba da shawara ta jami'ar, inda mutum yake faɗin abin da ko mahaifiyarsa bai gaya wa ba. Da jami'ar ta ga alamar za a kai ta kotu, sai aka kwashe bayanan zaman da ta yi da mai ba ta shawara aka kai ofishin lauyoyin jami'ar, tun kafin a shigar da ƙarar a farkon 2015, ba da saninta ba. Da a asibitin cikin gari ta je, dokar sirrin marasa lafiya ta tarayya ce za ta rufe bayanan. Da yake na jami'a ne, sai suka faɗa ƙarƙashin FERPA, wadda ta ɗauki lauyan jami'a a matsayin ma'aikaci mai bukatar aiki, ta kuma yarda makaranta ta yi amfani da fayil ɗin ɗalibin da ya kai ta ƙara. An sasanta a kan dala 800,000, Ma'aikatar Ilimi kuma ta fitar da jagora a 2016 tana jan kunnen jami'o'i su daina irin wannan sai da izini ko umarnin kotu. Jagora ce dai. Dokar da ta hana ɗan jarida ganin jerin fasinjojin jirgi ita ce ba ta hana lauya ɗaukar fayil ɗin wadda ke shirin ƙarar maigidansa ba.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan tsaurara sirri ita ce ta rai, kuma tana da suna: Virginia Tech. Ranar 16 ga Afrilun 2007 wani ɗalibin jami'ar ya harbe mutum 32 sannan ya kashe kansa. Alamu sun daɗe suna bayyana. Makarantarsa ta sakandare ta san yana da matsalar da ke hana shi magana, ta yi masa tsari na musamman, jami'ar ba ta sami labari ba. Malaman sashen Ingilishi sun tsorata da rubuce-rubucensa, ɗalibai mata sun kai ƙorafinsa ga ƴan sandan harabar, a Disamban 2005 wani alƙali ya ce yana iya cutar da kansa ya umarci a riƙa duba shi a asibiti. Kowa yana riƙe da guntu, ba wanda ya haɗa, iyayensa kuma ba a sanar da su ba. Masu cewa sirri ya kashe mutane suna nuna wannan. Amma kwamitin da Gwamna Tim Kaine ya kafa ya gano cewa dokar ba ta hana yawancin abin da aka ƙi yi ba. Ƙofar gaggawa tana nan tun farko, abin da malami ya gani da idonsa kuma ba fayil ba ne, yana iya ɗaukar waya ya kira iyaye. Abin da ya rufe bakuna shi ne rashin fahimtar dokar da tsoron jawo wa hukuma magana, wato dai lissafin nan na abin da ya fi wa makaranta sauƙi. Gyaran da aka yi a 2008, wanda ya ce in makaranta tana da dalilin da za ta iya faɗa cewa akwai babbar barazana, ma'aikatar ba za ta ƙalubalanci hukuncinta ba, gyara ne mai kyau kuma ba ni da ja a kansa. Sai dai ba ya taimaka wa masu son a sassauta sirri gaba ɗaya, tunda ya nuna ana iya buɗe ƙofa ɗaya ƙunƙuntacciya mai dalili a rubuce ba tare da an rushe katangar ba.

A wannan gyaran na 2008 ne kuma aka buɗe wata ƙofar da ba a yi mata hayaniya ba: kamfanin da makaranta ta ba kwangila yana iya zama ma'aikacinta a idon doka. A 1974 fayil takarda ce a cikin kabad ɗin ƙarfe, ɓarawo sai ya fasa ofis ya ɗauki abin da hannunsa zai iya. Yau rajista da maki da bayanan lafiya suna kan manhajar kamfani. Iyaye sun taɓa yin nasara sau ɗaya, lokacin da gidauniyoyin Gates da Carnegie suka zuba dala miliyan 100 a wani rumbun bayanan ɗalibai mai suna inBloom, jihohi suka janye ɗaya bayan ɗaya har ya rufe a Afrilun 2014. Amma abin da suka ƙi a dunƙule ya shigo a rarrabe. A Disamban 2024 aka kutsa rumbun kamfanin PowerSchool da kalmar sirrin da aka sace ta wani ɗan kwangila, masu gabatar da ƙara suka ce abin ya shafi ɗalibai fiye da miliyan 60. Kamfanin ya biya kuɗin fansa, bayan ƴan watanni kuma wasu gundumomin makarantu suka sake samun saƙon barazana da bayanan. Ba a nemi sa hannun iyayen waɗannan yara ba kafin a ɗora bayanan ƴaƴansu a can, dokar kuma ba ta ce a nema ba.

Akwai wani ƙorafi da zai fi zama kusa da zuciyar mai karatu, musamman uban da ya sayar da fili ko ya tara albashin shekaru ya tura ɗansa karatu Amurka, ya rubuta wa jami'a yana tambayar sakamako aka ce masa sai da izinin ɗan. A wurinmu wannan kamar zagi ne. Kuɗina, ɗana, sannan a ce in nemi izininsa? Ba na raina wannan fushi, kuma dokar ma ba ta toshe hanyar gaba ɗaya ba: jami'a tana iya sanar da iyayen da ke lissafa ɗalibin a takardar harajinsu a matsayin wanda suke ɗauke da nauyinsa, ko da yake uban da ba ya biyan haraji a can da wuya ya shiga ta nan, tun 1998 tana iya sanar da su in ɗan ƙasa da shekara 21 ya karya dokar giya ko ƙwaya, kuma jami'o'i suna da fom da ɗalibi zai sa wa hannu ya ce a riƙa nuna wa mahaifinsa komai. Uban da ke biya yana da ikon cewa sai an sa hannun kafin ya tura kuɗin zango, wannan tsakaninsa da ɗansa ne. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a mayar da biyan kuɗi makullin fayil. Ba kowane mai biya ne uba mai tausayi ba. Wani mijin ne da matar ta gudo daga dukansa yake neman sabon adireshinta, wani kamfani ne mai ba da tallafi. Fayil ɗin kuma ba maki kaɗai ya ƙunsa ba. Ɗalibar da ta san duk abin da ta faɗa a asibitin makaranta zai isa gida kafin ita, ba za ta je asibitin ba.

Gyaran da nake gani ba ya bukatar a soke jerin ƙofofin. Na farko, FERPA ta riga ta wajabta wa makaranta ta rubuta duk wanda ta ba bayanin ɗalibi da dalilin bayarwa, a kuma nuna wa iyaye in sun nema, sai dai ta cire ma'aikatan cikin gida da bayanan kowa da kowa daga wannan wajibi, nan ne kuwa lauyan Oregon da kamfanonin manhaja suka bi. A zamanin kabad rubuta kowace buɗewa wahala ce; a kwamfuta na'urar da kanta tana ajiye wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, abin da ya rage a bar mai fayil ya gani. Na biyu, diyya matsakaiciya da mutum zai iya nema a kotu. Za a ce wannan zai cika kotuna ya kuma cinye kuɗin da ya kamata a sayi littattafai, har ya ƙara tsoron da ya rufe bakuna a Virginia. Amsar ita ce a ƙayyade adadin, a kuma kare duk wanda ya yi magana da kyakkyawar niyya a halin gaggawa. A yanzu tona asirin ɗalibi ba ya cin makaranta ko sisi a ƙarƙashin wannan doka, shi ya sa lauyanta ba shi da dalilin ce mata ta dakata.

Abin lura ga mai karatu a Nijeriya shi ne, a takarda dokarmu ta ba da abin da shari'ar Gonzaga ta hana Ba'amurke. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta kafa hukuma ta musamman, ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar ƙarin kulawa, ta ce inda ake bukatar izini a kan bayanan yaro to na iyaye ko mai riƙo za a nema, ta tanadi tarar da kan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai, sannan ta yarda wanda aka cutar ya nemi diyya a kotu. Abin da ba ta yi ba shi ne zama ta jera wa shugaban makaranta ƙofofin da suka shafi aikinsa ɗaya bayan ɗaya, don haka al'ada ce ke ci gaba da hukunci: sakamako a allon sanarwa da suna da lamba, kiran na ɗaya da na ƙarshe a taron safe, hoton jerin waɗanda ba su cika kuɗin makaranta ba a zauren WhatsApp na iyaye. Masu kare allon sanarwa suna cewa kunya tana sa yaro ya dage, kuma ga yaron da ke tsakiyar aji wataƙila haka ne. Na ƙarshen da aka kira sunansa zango uku a jere yakan koyi fashi ne. Jerin masu bashi kuwa ko wannan uzurin ba shi da shi. Makaranta tana da haƙƙin neman kuɗinta, wasiƙa a rufe zuwa ga mahaifin ko kiran waya ya isar, sauran iyayen da ke zauren kuma babu abin da aikinsu ya bukata a cikin sanin cewa mahaifin wane bai biya ba.